Mahaɗar Dirac da ta ƙi tsayawa wuri ɗaya: nazarin wata matsalar awo a fuskar bismut selenaid

Asalin aikin

Wata ɗaliba mai neman digiri na uku a fannin fiziks ta karɓi aikin da malaminta ya ɗauka ba zai ci mata fiye da 'yan makonni ba. An ba ta wani kiristal mai suna bismut selenaid, wanda ake rubutawa Bi₂Se₃, aka ce ta auna yadda ilektron suke zaune a fuskarsa, ta fitar da lamba guda da sauran 'yan ɗakin binciken za su dogara da ita. Sai da aikin ya ci wata 9.

Wannan kiristal ya yi suna ne tun 2009, lokacin da masu bincike a Princeton ƙarƙashin Zahid Hasan suka nuna abin da masana lissafi a Stanford da Beijing suka hango a shekarar: idan kiristal ɗin tsarkakke ne, cikinsa ba ya barin lantarki ya wuce, amma fuskarsa tana bari. A ciki akwai giɓin makamashi na kusan 0.3 eV (eV shi ne ma'aunin makamashin ilektron) inda ilektron ba su da wurin zama. A fuska kuwa akwai layuka biyu da suka ratsa giɓin suka gitta juna kamar harafin X, kuma inda suka haɗu shi ake kira mahaɗar Dirac. Lambar da aka nema wurin ɗalibar ita ce nisan wannan mahaɗa daga matakin Fermi, wato iyakar da ilektron suka cika suka tsaya.

Babbar na'urar ɗakin ita ce ARPES. Tushenta tsoho ne: Heinrich Hertz ya lura a 1887 cewa haske na fizgo lantarki daga ƙarfe, Albert Einstein ya bayyana dalili a 1905. Ana haska samfur da fitilar hiliyom mai ba da foton, wato ƙwayoyin haske, na 21.2 eV, ilektron su fito, na'ura ta auna makamashin kowanne da kusurwar da ya fita. Daga waɗannan biyun ake zana taswirar zaman ilektron. Duk harafin X ɗin yana cikin digiri 3 kacal ta kowane gefe, don haka ko ɗan karkacewar samfur na iya ɓata hoton. Sannan ilektron masu irin wannan makamashi ba sa iya fitowa daga zurfin da ya wuce nanomita 1, wato kashi ɗaya cikin biliyan na mita. Kiristal ɗin kuwa jere yake hawa-hawa, kowane hawa da shimfiɗa biyar ta zarra, seleniyom da bismut suna karɓa-karɓa, kaurinsa kusan nanomita 0.95. Ke nan abin da ARPES take gani bai wuce hawan farko ba.

Saboda haɗin da ke tsakanin hawa da hawa ba shi da ƙarfi, ana samun sabuwar fuska cikin sauƙi. A manna ɗan sanda a saman samfur da gam, a shigar da shi tukunyar ƙarfe da aka zuƙe wa iska, a sanyaya shi zuwa wajen kelbin 20, wato kusan digiri 253 na Salsiyas ƙasa da sifiri, sannan a buge sandan. Hawan sama ya tafi da shi, fuskar da iska ba ta taɓa ba ta bayyana.

Wata na 1: lambobi uku daga kiristal ɗaya

Tsagawar farko ta ba da hoto mai kyau, mahaɗar tana wajen 0.30 eV ƙasa da matakin Fermi. Wannan ya dace da awon Hall, hanyar ƙidaya ilektron masu yawo a cikin kiristal, da wani abokin aikinta ya yi, wanda ya nuna cikin kiristal ɗin na ɗauke da rarar ilektron kusan 10¹⁹ a kowace santimita kubik. Ba abin mamaki ba ne: Bi₂Se₃ yakan rasa wasu zarra na seleniyom tun wajen haɗa shi, kuma kowane gurbi na sakin ilektron.

Tsagawa ta biyu, daga gutsuren kiristal ɗaya, ta ba da 0.38. Ta uku ta ba da kusan 0.45, kuma a hoton an ga wasu sababbin layuka masu siffar U kusa da matakin Fermi, biyu-biyu, kowane ɗaya ya ɗan goce daga ɗan'uwansa. Kuskuren awon na'urar bai kai 0.02 eV ba, saboda haka bambancin ya fi ƙarfin a ce karo ne.

A littafin aikinta ɗalibar ta rubuta ranar kowane awo, zafin samfur da matsin iskar tukunya. Ba ta rubuta ƙarfe nawa ta tsaga samfur ba, ko ƙarfe nawa ta ɗauki hoton da ta ajiye.

Wata na 2: zargin na'ura, sannan zargin kiristal

Malamin ya fara zargin ma'auni. An saka 'yar farantin zinariya kusa da samfur, haɗe da shi ta hanyar lantarki, domin matakin Fermi na zinariya yana fitowa a fili kamar gaɓar tudu, kuma da shi ake saita sifiri. An auna zinariyar kafin kowane hoto da bayansa. Ba ta motsa ba ko da 0.005 eV. An duba gam ɗin azurfa da ke riƙe da samfur ko ya saki har caji ya taru, aka tarar lafiya lau.

Sai zargi ya koma kan kiristal. Wataƙila ɓangarorinsa ba su da yawan gurabe ɗaya. Wanda ya haɗa shi ya yanko gutsure daga gefe, tsakiya da ƙarshe, aka sake awon Hall. An sami bambanci, amma ɗan kaɗan, wanda a lissafi ba zai tura mahaɗar fiye da 0.03 eV ba. Kuma bai ce komai game da layukan U ba.

Wata na 3: kankare fuska da argon

Mai kula da na'urorin ɗakin ya saba aiki da ƙarafa irin su tagulla da azurfa, inda hanyar tsabtace fuska sananniya ce: a harbe ta da ayon na argon, wato zarra masu caji, su kankare hawan sama, a gasa ta zarra su koma layi. Ya ba da shawarar a gwada haka maimakon tsagawa, ko a sami fuska iri ɗaya kullum.

An yi amfani da argon na 500 eV. Don duba tsarin fuskar an koma ga LEED, dabarar da ta samo asali daga gwajin Davisson da Germer na 1927, inda ake harba ilektron masu ƙaramin makamashi su dawo su zana ɗige-ɗige a allo. Kafin kankarewa ɗigo shida ne masu kaifi. Bayanta suka dushe, harafin X ma ya ɓace. Da aka gasa samfurin a wajen digiri 250 na Salsiyas ɗigon suka dawo, X ɗin ya dawo a dishe, mahaɗar kuma ta nutse, wato ta ƙara nisa ƙasa da matakin Fermi, fiye da da. Seleniyom ya fi bismut sauƙin fita, wajen harbi da wajen gashi duka, don haka hanyar ta ƙara gurabe ne kawai. An bar ta.

Wani abu da aka lura da shi a gefe, ba a ba shi muhimmanci ba a lokacin: fuskar da aka tsaga ta kwana a tukunya tana ba da hoton LEED mai kaifi daidai da sabuwa.

Wata na 3 zuwa 4: XPS ta ce babu datti

A nan ne ɗalibar ta kawo takardun da ta karanta. A 2010 Marco Bianchi da abokan aikinsa a Jami'ar Aarhus ta Denmak sun ba da rahoton irin waɗannan layukan U a fuskar Bi₂Se₃ da ta jima a tukunya. A 2011 wasu masu bincike a cibiyar Max Planck da ke Stuttgart sun nuna tururin ruwa na jawo su. Ta ce wa malamin tana ganin abin da ke damunsu ke nan.

Malamin bai ƙi ba, amma ya nemi shaida. Ma'aunin tukunya na nuna 2×10⁻¹⁰ milibar, wanda ake ɗauka matsin iska ne mai kyau. Idan datti ne, in ji shi, XPS za ta gan shi. Wannan dabara, wadda ta samo wa Kai Siegbahn kyautar Nobel a 1981, tana amfani da hasken eksire na 1486.6 eV daga alminiyom don fizgo ilektron na can cikin zarra, kuma kowane sinadari yana da lambarsa: oksijin wajen 531 eV, kabon wajen 285, bismut wajen 158, seleniyom wajen 53.

An auna sabuwar fuska, an auna wadda ta kwana. Babu alamar oksijin, babu ta kabon da ta fi hayaniyar na'ura, kuma layin bismut bai fitar da kafaɗar da yake fitarwa in ya haɗu da oksijin ba. An rubuta a rahoton wata cewa fuskar tsaf take, aka ajiye batun datti. Makonnin da suka biyo baya sun tafi wajen gwada ko zafin samfur ne ke hawa da sauka, da ko fitilar ce ke sauya ƙarfi. Babu wanda ya ba da amsa.

Wata na 5: abin da STM ta gani

Wani ɗakin bincike a ginin yana da STM, madubin da Gerd Binnig da Heinrich Rohrer suka ƙera a IBM da ke Zurik a 1981, suka sami Nobel a 1986. Ba ya aiki da haske ko gilashi. Tsinin ƙarfe ne ake kawowa kusa da fuska har tazarar ta gaza nanomita 1, a ba shi ɗan bolt, ilektron su tsallaka ratar. Ƙarin tazara na 0.1 nanomita kan rage lantarkin kusan sau goma, shi ya sa yake ganin zarra ɗaya-ɗaya. In aka tsayar da tsinin wuri ɗaya ana sauya bolt, sai a sami awon yawan wuraren zaman ilektron a kowane makamashi. A mahaɗar Dirac wuraren sun fi ƙaranci, don haka takan fito a matsayin kwari a jadawalin.

Kwanakin farko kwarin ya yi ta yawo, har ɗalibar ta ɗauka matsalar ta biyo ta. Mai na'urar ya ce a fara duba tsinin. Aka koma kan fuskar zinariya ta Au(111), wadda kowa ya san tana nuna tudu a wajen −0.5 bolt. Tudun bai fito daidai ba, alamar tsinin ya kwaso wani abu. Aka ɗan nutsa shi cikin zinariyar sau da yawa har tudun ya zauna inda ya kamata, sannan aka koma kan Bi₂Se₃.

Hoton ya nuna zarra na seleniyom jere, tazarar 0.41 nanomita, da matakala masu tsayin 0.95, da tabo masu kusurwa uku warwatse, waɗanda su ne lahanin da ke cikin hawan farko. Kwarin ya zauna a wajen −0.3 bolt. Daga wuri zuwa wuri yakan ɗan motsa gwargwadon yawan tabon da ke kusa, amma a wuri ɗaya bai gusa ba har tsawon kwanaki. Tabon ma ba su ƙaru ba.

Bambancin na'urorin biyu shi ne muhalli. A STM samfur yana kelbin 4.2, kewaye da garkuwar ƙarfe mai sanyi iri ɗaya, duk iskar da ta shigo garkuwar ce ke kama ta. A ARPES samfurin ne kaɗai abu mai sanyi a tsakiyar tukunya mai ɗumi.

Wata na 6: an sa agogo

Da wannan sakamako ɗalibar ta sauya tsarin aikinta ba tare da ta sayi komai ba. Ta saita duk abin da za a iya saitawa kafin tsagawa, ta danna agogo a daidai lokacin da sandan ya faɗi, ta riƙa ɗaukar gajeren hoto kowane minti 5. A da takan ɓata sa'a ɗaya, wani lokaci har biyar, tana neman kusurwa da wuri mai kyau kafin ta ajiye hoto.

Hoton farko, minti 10 bayan tsagawa, ya ba da wajen 0.30 eV. Daga nan mahaɗar ta fara nutsewa, da sauri a farko, sannan a hankali. Bayan sa'a 2 layukan U suka fara leƙowa, bayan sa'a 5 suka rabu biyu-biyu. Lambobi ukun nan na watan farko duk suna kan layi ɗaya, kowacce a lokacinta.

Saura tambayar ko hasken fitilar ne da kansa ke yin ɓarnar. An tsaga wani gutsure aka bar shi a duhu sa'a 5 kafin a haska shi. Hotonsa na farko ya fito da mahaɗar a nutse, ko da yake ba ta kai ta wanda aka haska tun farko ba. Wani gutsuren kuma, bayan ya tsufa, aka ɗumama shi zuwa zafin ɗaki aka sake sanyaya shi. Mahaɗar ta dawo sama wani ɓangare na hanya, layukan U suka raunana. Gurbin seleniyom ba ya cikewa don an ɗumama samfur. Abin da ya lafe a fuska ne ke tashi.

An kuma juya fitilar zuwa layinta na biyu, 40.8 eV, wanda ke isa ga ilektron na bismut da ke wajen 25 eV. Siffar layin ba ta sauya ba, amma ya gusa gaba ɗaya, ta ɓangaren da mahaɗar ta gusa.

Wata na 7: tukunyar kanta

An aro na'urar tantance ragowar iska aka ɗaura ta kusa da inda samfur yake. Ta nuna haidirojin, ruwa da kabon monoksaid, lambobin nauyi 2, 18 da 28. Ma'aunin da aka dogara da shi ashe yana can bakin famfo, inda ya fi ko'ina tsabta. Kuma da zarar an kunna fitila matsin na hawa. Yawancin abin da ke shigowa hiliyom ne, wanda ba ya manne wa komai, amma bututun da ke kawo shi ba a taɓa gasa shi ba, yana tafe da ruwa.

Lissafin a nan mai sauƙi ne, kuma duk mai aikin fuska ya san shi. A matsin 10⁻⁶ milibar, iska na iya rufe fuska da shimfiɗa ɗaya cikin kusan daƙiƙa 1 in duk ƙwayar da ta sauka ta manne. A 5×10⁻¹⁰, abin da aka ƙiyasta na iskar mai mannewa kusa da samfur, ana buƙatar wajen minti 33. A kelbin 20 kuwa ruwa da kabon monoksaid na mannewa kusan duka, kamar yadda raɓa ke taruwa a jikin kwalba mai sanyi.

An naɗe tukunyar da igiyoyin ɗumama aka gasa ta a digiri 130 na kwana 2, aka gasa bututun hiliyom, aka sa masa tarko mai sanyin ruwan naitirojin. An kuma riƙa sanyaya wata garkuwa kusa da samfur kafin a sanyaya shi kansa. Matsin ya sauka zuwa wajen 5×10⁻¹¹. Nutsewar ba ta tsaya ba, amma abin da yake faruwa cikin sa'a 1 ya koma ɗaukar yini. Don tabbatarwa aka buɗe bawul da gangan aka sako ɗan tururin ruwa kan sabuwar fuska. Cikin mintuna mahaɗar ta nutse, layukan U suka fito.

Wata na 9: sinkurotoron

Gwajin ƙarshe ya buƙaci hasken da za a iya sauya makamashinsa, abin da fitilar hiliyom ba ta iyawa. Ƙungiyar ta sami kwanaki a wata cibiyar sinkurotoron, inda ake samar da irin wannan haske, aka riƙa hawa da foton daga 15 zuwa 30 eV. Ƙa'idar ita ce: ilektron na cikin kiristal suna motsi sama da ƙasa, don haka layinsu na sauya wuri idan makamashin haske ya sauya. Waɗanda suka maƙale a fuska ba su da wannan motsi, layinsu na nan daram. Layin cikin kiristal ya yi ta gusawa. Harafin X bai motsa ba, layukan U ma ba su motsa ba.

Lambar da aka miƙa wa sauran 'yan ɗakin ita ce 0.30 eV, tare da sharaɗi a rubuce: an auna ta cikin minti 15 da tsagawa, a matsin da aka ambata. Jadawalin nutsewar ya zama babi guda a kundin ɗalibar.

Abin da ya faru, da inda aka yi kuskure

Ƙwayoyin iskar da suka lafe a fuska sun saki ilektron cikin kiristal, su kuma suka rage da caji mai jawowa. Wannan ya lanƙwasa matakan makamashi zuwa ƙasa a cikin 'yan nanomita goma zuwa ashirin na farko, ya haƙa wani siririn rami da ilektron suka taru a ciki. Su ne layukan U. Rabuwarsu biyu-biyu ita ce ake kira rabuwar Rashba, wadda ƙarfin lantarkin da ke tsaye a kan fuska ke haifarwa a sinadarai masu nauyi irin bismut. Mahaɗar Dirac da layin bismut sun nutse tare domin duk suna cikin lanƙwasar, shi ya sa layin ya gusa siffarsa ba ta sauya ba. Awon Hall bai ga komai ba saboda cikin kiristal yake aunawa, kuma cikin bai sauya ba.

Duba zinariya da yanka kiristal a wata na 2 aiki ne da ya dace, kuma ba su ci lokaci ba. Kankarewa da argon an ɗauko ta ne daga aikin ƙarafa masu sinadari ɗaya aka ɗora wa kiristal mai sinadarai biyu da ba sa fita daidai, kuma da an tambayi masu aiki da irinsa da ba a fara ba.

Kuskuren da ya fi tsada shi ne yadda aka karanta shirun XPS. Fuskar Bi₂Se₃ na da zarra kusan 7×10¹⁴ a kowace santimita murabba'i. Ilektron ɗin da ake buƙata don irin wannan lanƙwasa ba su wuce wajen 10¹³ ba, wato kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na shimfiɗa ɗaya. XPS tana tattara sigina daga zurfin nanomita da yawa, kuma na'urar ɗakin ba ta da matacin da ke kaifafa hasken eksire, layukanta na da faɗin kusan 1 eV. Irin wannan ɗan datti yana bakin iyakar ganinta ko ƙasa da ita, gusawar 0.1 eV kuma ta ɓace cikin faɗin layi. Haka LEED: ƙwayoyi warwatse ba tsari ba sa taɓa ɗigonta. Wannan lissafi na minti biyar ne, kuma dukkan lambobinsa suna hannu tun wata na 3. Malamin ya yi daidai da ya nemi shaida, amma ba a tambayi ko na'urar da aka zaɓa za ta iya ba da ita ba, kuma wannan ya ci wata 2.

STM ba ta nuna dattin ba, ba ta kuma bayyana layukan U ba, domin ba ta auna kusurwa. Amfaninta shi ne ta nuna fuskar ba ta lalacewa da kanta idan an kare ta, kuma hakan bai zama abin dogaro ba sai da aka gyara tsinin a kan zinariya. Abin da ya warware matsalar shi ne jerin hotuna masu lokaci a wata na 6, gwajin da ba ya buƙatar kayan da ba a da su tun ranar farko. Gasa tukunya ya rage saurin tsufan kusan sau goma, amma bai kawar da shi ba, don haka har yanzu kowane fayil na ARPES a ɗakin yana ɗauke da mintunan da suka wuce tun tsagawa, kuma ana sake tsaga samfur da zarar mahaɗar ta gusa fiye da 0.02 eV.